Barkono Dama, Gishiri Hagu

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar. Labuan Bajo.

Baƙi sun hau, kaya sun hau, gobe da sassafe sai tafiya. Mata uku ne daga Bandung, dukansu malaman firamare da suka ajiye alli bana. Tun suna 'yan mata, in ji su, suka yi wa juna alkawarin za su yi shatar jirgin ruwa su zaga tsibirai kafin gwiwa ta ƙi. To ga su, kwana goma sha takwas, daga nan har Alor. Malama Neneng ce doguwar, ita ce bakinsu. Malama Kokom gajera ce, dariya ba ta barinta ta ƙarasa zance, akwatinta guda cike yake da kayan ƙwalam kamar an ce mata ba ma girki. Malama Titin kuwa tun daga tasha ta ɗaura rigar ceto, da ita ta sha shayi.

Na jera musu mutanen jirgi kamar yadda na saba: Daeng Rewa maigidana, shi ne kyaftin, Tenri 'yarmu, Stanis mai inji, Hamsah mai igiya da anga, ƙarfen tsayar da jirgi, sai ni Darma, mai tukunya. Malama Neneng ta tambayi Tenri aikinta. Ta ce shekara uku ke nan da ta karɓo takardar tuƙi daga Makassar, amma a jirgin nan ita ce shugabar tsintsiya. Babanta ya yi kamar bai ji ba. Yana ba ta sitiyari dai, in teku ya buɗe babu abin da za a buga.

Abin da likitan Makassar ya gaya mana a watan jiya ba zan rubuta shi a nan ba. Daeng ya sa na yi alkawari: ba Tenri, ba kowa, sai an sauke waɗannan baƙin. Na kuwa yi.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe.

Daeng ya tsiyaya kofi a gefen kofin, kan tebur. Na goge kafin kowa ya shigo. Gajiya ce, jiya ya yi ta hawa da sauka.

Laraba, 4 ga wata, bayan azahar. Komodo.

Malamai sun je sun ga ƙaton guzan da tsibirin nan ya yi suna da shi sun dawo. Malama Kokom ta rantse cewa wanda ke kwance ƙarƙashin bishiya hedimastansu ne na da, har yadda yake kallon mutum ta gefen ido. Ta kwaikwayi tafiyarsa a tsakar jirgi, Hamsah ya yi dariya har ya zauna a kan igiya.

Da muke dawowa ta gadar katako, wani ya rataye hularsa a kan turke. Daeng ya tsaya ya yi wa turken sallama. Stanis ya ce, "Kyaftin, ya amsa kuwa?"

"Bai amsa ba, amma ya fi ka ladabi, ya san ya yi shiru in manya na magana."

Kowa ya yi dariya, har ni. Miyar kifi da tsamiya na yi, ba a bar ko romo ba.

Alhamis, 5 ga wata, da yamma.

Bayan sallar asuba Daeng ya riƙo hannuna a ƙofar kicin, ya ce a hankali ruwan kore da shuɗi sun soma zama masa abu ɗaya. Mu kuwa da launin ruwa muke sanin inda dutse yake, yau kuma mashigar Gili Lawa za mu bi, wadda faɗinta bai kai abin faɗa ba.

Sai muka ƙulla dabara. Zan ɗauki kwanon albasa in zauna a goshin jirgi kamar mai shan iska. In na kira a kawo mini barkono, ya yi dama. In na ce gishiri, hagu. In na ce ruwa ya tafasa, ya tsaya cak.

Dabara ta yi, mun wuce ko ƙwarzane babu. Abin da ba mu lissafa ba shi ne Tenri yarinya ce mai biyayya. Duk kiran da na yi sai ta kawo. Kafin mu fita mashigar, ina zaune tsakanin kwanon barkono huɗu da gishiri uku. Malama Titin ta leƙo ta ce ita fa cikinta ba ya son yaji sosai. Na ce kada ta damu, shanya shi zan yi.

Daeng ya yi ta 'yar waƙarsa a sitiyari har la'asar. Na daɗe ban ji ta ba.

Juma'a, 6 ga wata.

Maza sun sauka masallaci a ƙauyen masunta. Daeng ya dawo da takalmin wani. Gajiya ce.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi.

Malama Titin ta shiga ruwa. Tenri ce ta lallashe ta tun jiya, ta sa mata gilashin ruwa, ta riƙe ta da hannu biyu kamar mai koyon tafiya. Tana sa fuska ƙasa, sai ga kifin nan mai fukafukai kamar tabarma ya wuce ta ƙarƙashinta. Ta ɗago tana kuka tana dariya, ta ce shekara sittin da ɗaya tana zana shi a allo ba ta san yana da ido ba. Daga baya ta gyara, ta ce shekara talatin da biyar, sittin da ɗayan shekarunta ne. Sai da aka kira ta sau uku kafin ta fito cin abinci.

Daeng ya tambaye ni wacce ce a ruwa. Tana sanye da rigar ceto ja wur, ba ta fi taku goma daga jirgi ba.

Litinin, 9 ga wata, bayan magariba. Riung.

Kwana biyu muna bin gaɓar Flores, iska na bayanmu, har Hamsah ya buɗe filafilan iska don malamai su ɗauki hoto. Ɗazu jemagu suka tashi daga tsibirinsu, dubbai, suka rufe sama. Malama Kokom ta ce kamar an tashi 'yan aji ɗaya.

Ina yanka lemun tsami Malama Neneng ta shigo kicin, wai za ta taya ni. Ba ta taya ni ba. Ta jingina da ƙofa ta ce, "Maman Tenri, shekara talatin da bakwai ina gaban allo. Yaron da ba ya ganin rubutu ba ya faɗa. Kai yake karkatawa, ya zama mai ban dariya a aji, ya samu aboki mai raɗa masa amsa."

Na ce Allah sarki, yara kenan.

Ta ce, "Kullum abokin nake fara kira, ba yaron ba."

Na ce ko za ta ɗanɗana mini gishirin miya. Ta ɗanɗana, ta ce ya ji, ta fita.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe shida na safe.

Na yi wa Daeng magana. Na ce a gaya wa Tenri, ta riƙe sitiyari shi ya tsaya kusa da ita, babu wanda zai ce komai. Ya ce saura kwana tara. Ya ce mahaifinsa a kan sitiyari ya tsufa, ba a taɓa riƙe masa hannu ba. Ya ce ya san ruwan nan kamar tsakar gidansu, dabararmu kuma tana aiki. Sannan ya ce, "In na sauka daga nan, Darma, ina zan tsaya?"

Sai na ba shi kofinsa babu sukari.

Laraba, 11 ga wata.

Ba ma magana. Stanis ne ɗan aike. "Kyaftin ya ce a tambayi uwar jirgi ko sukari ya ƙare a Flores." Na ce a gaya wa kyaftin sukari na nan, masu jin magana ake ba. Stanis ya ce shi dai a sa masa nasa da na kyaftin.

Alhamis, 12 ga wata, bayan azahar. Maumere.

Ni da Tenri muka shiga kasuwa. Mangwaro ya soma fitowa, na sayi ayaba nono biyu saboda jibi Malama Kokom za ta cika shekara sittin, na sayi kwakwa da kurkum. Da muka zo wurin mai barkono Tenri ta ce a cika mana buhu, uwarta ta koma cin sa kamar shinkafa. Na ce ta kiyaye ni.

A hanyar komawa ta ce, "Mama, tun Gili Lawa nake tsayawa bayan Baba ina goge tagullar da ba ta da datti. Sai yaushe za a gaya mini?"

Na ce babanta ya gaji ne, shekaru sun ja.

Ta karɓi kwandon daga hannuna ta wuce gaba. Tafiyar babanta take yi in ta yi fushi, kafaɗa ɗaya sama.

Juma'a, 13 ga wata.

Na mayar wa Daeng da sukarinsa. Ya ce da ma ya san ba zan iya ba. Teku shimfiɗe, kifaye masu tsalle sun raka mu har azahar.

Asabar, 14 ga wata.

Kowa na raye. Ba gajiya ba ce.

Lahadi, 15 ga wata, da hantsi. A kan anga, Lembata.

Jiya ban iya rubuta abin da ya faru ba. Bari in rubuta yau.

Da safe ne, mun baro Adonara, ruwa a buɗe, babu dutse babu komai, don haka ban fita goshin jirgi ba. Ina kicin ina soya wa Malama Kokom ayaba. Rana na fitowa daidai gabanmu. Sai na ji jirgi ya karkata gaba ɗaya, mai ya zube, na ji muryar Tenri tana ce wa Stanis ya kashe inji.

Kwale-kwale ne, ɗan ƙarami, da tsoho ɗaya a ciki yana jan ƙugiya. Daeng ya nufe shi kai tsaye. Tenri ce ta ture babanta ta murɗa sitiyari. Ba mu buge shi ba, amma ruwan da muka tayar ya kifar da shi. Hamsah ya faɗa da kayansa ya jawo tsohon, muka ɗaure kwale-kwalen a baya. Kifinsa na safiya duk ya koma inda ya fito.

Ama Kopong sunansa. Na lulluɓe shi da zanen Daeng, na ba shi kofi da ayabar da ta rage. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai da ya shanye ya ce, "Kyaftin, jirgi kamar coci, ni tun daga nesa nake kallonka ina ɗaga maka hula. Kai ba ka gan ni ba?"

Duk muna tsaye, har malamai. Daeng ya ce, "Ban gan ka ba, Baba. Kai ma da kake zaune nan, inuwarka kawai nake gani."

Muka kai tsohon ƙauyensu. Daeng da kansa ya sauka ya ba iyalinsa haƙuri, Hamsah na riƙe da gwiwar hannunsa. Na haɗa musu shinkafa da duk kifin da ke cikin ƙanƙara. Da ya dawo ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Lahadi, bayan la'asar.

Malamai sun yi taro a bayan jirgi, suka kira ni. Malama Neneng ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da rayukansu na yi wasan barkono da gishiri, da na 'yata, da na tsohon da bai san mu ba. Ta ce ta ba ni dama a Riung na miƙa mata cokali. Na ce haka ne. Babu abin da zan ƙara, haka ne ɗin.

Ita so take su sauka a nan su nemi hanyar gida. Sai Malama Titin, wadda har yanzu da rigar ceto take yin sallah, ta ce, "Ni yarinyar da ta riƙe ni a ruwa ba ta sake ni ba. Jiya ma ita ce. In ita za ta tuƙa, Alor na ce zan je, Alor za ni."

Aka tsaya a haka. Tenri ta amsa musu da to. Ni ba ta kalle ni ba tun jiya.

Litinin, 16 ga wata.

Cokali biyu Daeng ya ci. Tenri ta tuƙa yini guda, ta ajiye anga inda babanta yake ajiyewa, ba tare da an nuna mata ba.

Talata, 17 ga wata, bayan azahar.

Stanis ya gaji. Ya ɗauki akwatin domino ya buga ƙofar Daeng, ya ce shekara ashirin kyaftin na cinye shi, yau Allah ya kawo ranar ramuwa, ya buɗe ko ya cire ƙofar da sukundireba. Aka buɗe. Ina jin su daga kicin. Ashe ɗigon domino da yatsa ma ana karanta shi. Sau biyar Daeng ya cinye shi. Stanis ya fito da abin matse shanya guda biyar maƙale a kunne, irin hukuncin da suke yi wa wanda aka ci, yana cewa a kai mutumin nan wani likitan, na farko ƙarya ya yi.

Malama Kokom ta ce tunda an cinye mata ranar haihuwa, yau za a biya ta. Na sake soya ayaba. Ta kai wa Daeng nasa da kanta, ta ce masa a ajinta mai fushi ba ya wuce kwana uku, ta ƙirga, nasa sun cika. Na ji ya yi 'yar dariya.

Tenri ta shigo shan ruwa, ta tarar ina kankare kasko. Ta ce, "Da kin gaya mini, Mama." Na ce da na gaya miki. Ta ɗauki ayaba ɗaya ta fita, ta dawo ta ɗauki ta biyu.

Laraba, 18 ga wata, da yamma. Mun wuce Pantar.

Mashigar Pantar ba wurin wasa ba ce. Ruwa na gudu a cikinta kamar kogi, yana murɗawa, yana canza ra'ayi. Tenri ta bi ta sau da yawa, amma da tsintsiya a hannu. Da safe ta tsayar da jirgi a bakin mashigar ta daɗe tana kallo. Sai ta ba Hamsah sitiyari ta sauka ƙofar babanta. Ina wurin da tire.

Ta ce, "Baba, ban san ruwan nan ba."

Sai ƙofa ta buɗe. Ya sa farar rigarsa ta shiga tasha, maɓalli ɗaya ya tsallake rami, ban gyara masa ba.

Bai taɓa sitiyari ba. Ya tsaya bayanta ba takalmi, hannu ɗaya a kan katako, ya ce, "Ki gaya mini abin da kike gani, ni in gaya miki abin da yake nufi." Ta ce ga ruwa ya yi sumul kamar mai a dama. Ya ce wannan ƙarya yake, daga ƙasa yake tasowa, ta ba shi wuri. Ta ce ga kumfa a jere. Ya ce ta bi gefensa, kada ta haye. Wani wurin tun kafin ta yi magana ya ce a jira, ya ji jirgi na rawa a tafin ƙafarsa, ruwa zai juya. Muka jira. Ya kuwa juya.

Awa biyu ana haka. Ni ina zaune a ƙofar kicin, hannuna babu komai, ban san me zan yi da shi ba. Da muka fita, malamai suka tafa. Daeng ya ce wa Tenri ta yi saurin karya kwana a wurin dutsen ƙarshe. Ta ce shi ya ce ta karya. Ya ce bai ce da sauri ba. Suna wannan musu har aka zuba abinci, ya ci faranti biyu.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya. Kalabahi, Alor.

Jami'in tasha ya hau da takardunsa. Ya san mu shekara da shekaru, kai tsaye ya miƙa wa Daeng biro ya ce kyaftin ya sa hannu. Daeng bai karɓa ba. Ya ce, "Ga kyaftin can, mai jan kallabi."

Kallabin ruwan goro ne, amma ba wanda ya gyara masa. Tenri ta sa hannu. Jami'in ya ce to Daeng fa, me za a rubuta masa. Stanis ya ce a rubuta mai cin mutane a domino.

Juma'a, 20 ga wata, bayan sallah.

Malamai sun tafi. Malama Kokom ta bar mini ragowar kayan ƙwalam ɗinta, ta ce ba ta ko buɗe rabi ba, laifina ne. Malama Titin ta rungume Tenri ta ƙi saki har mai mota ya yi ta danna oda. Malama Neneng ta tsaya a gabana, na ɗauka za ta ƙara mini. Sai ta rubuta lambarta a bayan hannuna, ta ce in mun fito daga wurin likita in kira ta, ko me ya ce. Ta ce har yanzu tana fushi da ni, kuma miyata ta tsamiya ba ta taɓa shan irinta ba, in riƙe duka biyun.

Asabar, 21 ga wata, da hantsi.

An shirya. Tenri da Stanis da Hamsah za su mayar da jirgi Labuan Bajo, sun samu mutum biyu a tasha da za su taya su. Ni da Daeng jibi za mu tashi zuwa Makassar. Tun a watan jiya likitan ya ce mu dawo, ya ce akwai abin da za a gwada, bai yi alkawari ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kallon jirgin nan yana tafiya ina tsaye a ƙasa ba.

Ɗazu na ɗora shinkafa, Daeng ya kira ni waje. Yana zaune a kan murfin ɗakin inji, rana na bayansa. Ya ce da safe irin haka, in haske ya faɗo kan abu sosai kuma abin na kusa, har yanzu yana gani. Ya ce in matso. Na matso. Ya ce in ƙara, in juyo fuskata wajen rana.

Na ce shinkafa na kan wuta.

Ya ce, "Tsaya haka, Darma. Kada ki motsa."

Na tsaya. Ya daɗe yana kallo, ya ce furfura ta yi yawa a gefen hagu, me ya sa ba a gaya masa ba. Na ce shi ya jawo ta. Ya ce in yi shiru, ina motsa masa fuskar.

Shinkafar ta ƙone har ƙasan tukunya. Haka muka ci ta.